Ina Aka Yanke Maka Cibiya?



Tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, wata tambaya ta yawaita a ƙofar masallaci da rumfunan kasuwa. Mutum ne aka haife shi a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram, ya shigo Badun yana saurayi, ya yi shekara ashirin ko talatin a nan, ya yi aure, ya hayayyafa, Yarabanci a bakinsa kamar ɗan gari. Yau hankalinsa ya tashi, yana son takardar da za ta ce shi ɗan Najeriya ne. Hanya biyu ce a gabansa. Ta farko doguwa ce: ya nemi zama ɗan ƙasa ta hannun hukuma, a kira shi intabiyu, ya faɗi asalinsa. Ta biyu gajeriya ce: ya hau mota zuwa wata ƙaramar hukuma ta bakin iyaka, ya ce nan aka haifi ubansa, ya samu mutum biyu su shaide shi, ya ba da na goro, ya dawo da takardar indijin a aljihu. To, malam, wai akwai laifi in mutum ya bi ta biyun?

Kafin amsa, bari mu san ita doguwar hanyar, don da yawanmu jin ta kawai muke yi. Sashe na 27 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 shi ya jera sharuɗɗan. Mai nema ya zama baligi mai hankali kuma mai halin kirki, wanda ya nuna niyyar zama a ƙasar nan dindindin. Ya yi shekara 15 a jere a Najeriya, ko kuma ya tara shekara 15 a cikin shekara 20 da suka wuce, sannan ya zauna wata 12 na ƙarshe ba yankewa. Ya kasance ya amfani ƙasa ko zai iya amfanar ta. Gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa mutanen yankin sun karɓe shi, shi ma ya saje da su. A ƙarshe ya yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Takardun ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida suke bi, jami'an tsaro na farin kaya su yi bincikensu su yi wa mutum tambayoyi, kwamitin ba da shawara ya duba, Shugaban Ƙasa ne mai ikon bayarwa. A Satumbar 2022 Shugaba Buhari ya ba mutum 286 takardar zama 'yan ƙasa a Abuja. Wanda ya samu kuma sai ya jira shekara 10 kafin ya riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi, kuma ba zai taɓa zama gwamna ko shugaban ƙasa ba.

Idan ka duba da kyau, tambayoyin intabiyun ba su wuce waɗanda maigida ke yi wa baƙon da ya sauka a zaurensa ba. Daga ina? Ɗan wane ne kai? Yaushe ka zo? Mece ce sana'arka? Wa ya san ka? Bambancin kawai, wannan karon ana rubutawa, kuma akwai rantsuwa.

Masu goyon bayan gajeriyar hanya suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa Katsina da Maraɗi ai gida ɗaya ne. Bayan jihadi ya ci Katsina, sarakunanta na Haɓe ne suka koma arewa suka zauna Maraɗi, har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce wa sarkinta. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zo tsakanin 1906 da 1908 suka kakkafa alamun iyaka, suka raba wa da ƙane, wani lokaci ma suka raba mutum da gonarsa. Suna kuma cewa wannan doguwar hanya ta masu kuɗi ce, Kwarori da Indiyawa masu masana'antu da lauyoyi. Ina mai shayi ko mai tura ruwa zai samo takardar biyan haraji da kuɗin fom da kuɗin zirga-zirgar Abuja? Duk wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ya nuna shi ne iyakar ta zo da cuta, hanyar kuma tana da tsauri. Bai nuna cewa ƙarya ta halatta ba. Wanda ya zauna gaban jami'i ba a tambaye shi ko ya yarda da aikin Turawa ba. An tambaye shi inda aka yanke masa cibiya ne, kuma ya san amsar.

Mu Musulmi muna da labarin irin wannan zama tun farkon addini. Lokacin da azaba ta tsananta a Makka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba sahabbai izinin hijira zuwa Habasha, ƙasar Najjashi, sarki Kirista. Ƙuraishawa suka tura Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abu Rabi'a da kyaututtuka don a dawo musu da mutanen. Najjashi ya ce ba zai miƙa baƙinsa ba sai ya ji ta bakinsu. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi magana a madadinsu, ya karanta farkon Suratu Maryam, sarki ya ƙi ba da su. Washegari Amru ya dawo da wata dabara: a tambaye su me suke faɗa game da Annabi Isa. Uwar muminai Ummu Salama, wadda tana cikinsu, ta ba da labarin cewa ba su taɓa shiga damuwa irin ta ranar ba. Ka yi tunani, zamansu duka a hannun wannan sarki yake, amsar kuma tana iya fusata shi da fadawansa, bayansu kuwa Makka ce da bulala. Suka yi shawara, suka tsaya a kan za su faɗi abin da Annabinsu ya koya musu, komai zai faru ya faru. Ja'afar ya faɗi cewa Isa bawan Allah ne kuma manzonsa. Fadawa suka yi gunaguni, amma Najjashi ya ba su aminci, ya mayar wa Ƙuraishawa kyaututtukansu.

Larurar waɗannan mutane ta fi ta kowane ɗayanmu a Sabo. Sun san shari'a ta yi rangwame ga wanda aka tilasta, duk da haka ba su gyara amsa don ta yi wa mai tambaya daɗi ba. Larurar da malamai ke cewa tana halatta haram ita ce wadda mutum ke tsoron halaka a cikinta kuma ba shi da wata mafita. Son fasfo, ko son yaro ya samu gurbin makaranta, ko gudun wahalar ofis, buƙatu ne na gaske, amma ba su kai can ba.

Sannan wannan ƙarya ba irin ta ciniki ba ce da ake yi a wuce. Ƙarya ce a kan asali. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a gidan Annabi har ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, sai Suratul Ahzab ta sauka da umarnin a kira kowa da sunan ubansa, aka mayar masa da sunan Harisa. In da akwai wanda ya cancanci a bar masa aron uba, ai shi ne. Hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa yana sane. Wani zai ce shi gari kawai ya canja, bai canja uba ba. To amma mun san yadda abin ke tafiya: don labarin ya tsaya, sai an ƙirƙiro wa uban unguwa da mai unguwa, wani lokaci har a ari gidan wasu a ce shi ne gidan kaka. Salmanu ya rayu a Madina ana ce masa Bafarishe, Bilalu ana ce masa Bahabashe, kuma ba wanda ya fi su zama 'yan gida.

Yanzu sai mu, masu shaida, don ƙaryar nan ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. Sai da wanda zai sa hannu ya ce na san ubansa. Annabi ya lissafa shaidar zur cikin manyan zunubai tare da shirka da saɓa wa iyaye, yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta maimaita ta. Mu kuwa mun mayar da ita taimakon ɗan'uwa. Ya kamata mu tuna a kan me aka gina Sabo tun kafuwarta a 1916. Bafatake ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida, dillali ya sayar wa mahauci Bayarabe bashi, ba takarda ba sa hannu. Kuɗin goro ya tafi Kano a kan kalma. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne in maigida ya ce na tsaya masa, to ya tsaya. Wannan lamuni shi ne jarin unguwar nan, ya fi shanun da goron. Duk ranar da jami'i ya gane cewa dattijon Sabo na iya sa hannu a kan abin da bai sani ba, daga ranar shaidarmu ta faɗi, har a kan yaron da kakansa na Kano ne gaba da baya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Da ma ana yi mana gori ana cewa duk baƙin haure ne, kada mu ba masu gorin hujja da hannunmu.

Kuma a ƙasar nan ana tone asali in abu ya yi zafi. A Janairun 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka tsallaka da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ce ta duba asalinsa ta tabbatar masa da haƙƙinsa. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, fiye da mutum miliyan guda suka kama hanya, mafi yawa 'yan Gana, har da 'yan Nijar da Chadi. Dattawanmu sun ga irin haka a Gana a 1969 zamanin Busiya. A irin wannan rana takardar gaskiya, ko da ta izinin zama ce kawai, ta fi takardar indijin ta bogi, don ita ta bogin laifi ce a kan laifi. Mafi ciwo kuma, gado ake barin ta. Yaro ya tashi yana rubuta garin da bai taɓa gani ba, ranar da aka ce ya je ya nuna gidansu sai ya tsaya yana kame-kame. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin mamaki shi ne da yawa daga masu wannan wahala gaskiyarsu ta ishe su, ba su sani ba ne. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai a 1960, in uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Wanda aka haifa a waje kuwa, in ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, haka hukuncin yake. Ke nan ɗan Maraɗi da ya auri Bakatsiniya ko Bayarabiya, 'ya'yansa 'yan ƙasa ne ta wajen uwarsu, ba sa bukatar a ƙirƙiro musu komai. Matar da ɗan Najeriya ya auro daga Ƙonni tana da ƙofar rajista a sashe na 26, ba sai ta jira shekara 15 ba. Wanda kuma ya nemi zama ɗan ƙasa, Kundin bai tilasta masa ya yar da ƙasar da yake ɗanta ta haihuwa ba. Lambar NIN ma ana ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida, in ya faɗi ƙasarsa ta gaskiya.

Saura wanda ba shi da uwa ko kaka a nan, ba shi kuma da ƙarfin doguwar hanya. Wannan nauyinsa a wuyanmu yake, kuma a nan taimakon ɗan'uwa na gaskiya yake. Fadar Sarkin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna iya ajiye littafin da zai nuna shekarar da kowane baƙo ya zo da gidan da ya sauka, don ranar da za a nemi shaidar shekara 15. 'Ya'yanmu da suka karanta lauya su zauna da mutane su duba musu inda suka faɗa a doka. Masu hali su taimaka da kuɗin takardu kamar yadda muke haɗa kuɗin asibiti. Wanda ka sani shekara ashirin a sahu ɗaya, ka ci bashinsa ya ci naka, je ka tsaya masa da ƙarfinka, ka faɗi abin da ka sani, ka tsaya a nan. Ɓoye shaida ma zunubi ne, kamar yadda ƙarshen Suratul Baƙara ya nuna.

Sharaɗin nan na karɓuwa a wurin mutanen yanki kuma, kada mu ɗauka na baƙi ne kawai. Mutanen yankin a nan Yarbawa ne. In da za a kira kowannenmu a tambaye shi wane maƙwabci Bayarabe zai shaide shi da alheri, ya kamata a ce yana da sunan da zai faɗa ba tare da dogon tunani ba.

Amsata ga masu tambaya ke nan: gajeriyar hanyar ba ta halatta ba, ga mai nema da mai shaida da mai karɓar na goro. Wanda ya riga ya afka ya tuba, ya nemi lauya ya ga yadda za a gyara, ya kuma zaunar da 'ya'yansa ya faɗa musu garin kakansu na gaskiya tun yana da rai.

Allah Ya tsare harsunanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba Najeriya da Nijar zaman lafiya. Wassalamu alaikum.