"Ai Yaro Ne, Zai Manta"

Ya ɗan'uwa mai karatu, a Sabon Garin Wudil ko a unguwarku, sau nawa ka ji magidanci ya zagi uwar 'ya'yansa a gaban ɗan shekara 3, in an yi masa magana ya ce, "Ai yaro ne, zai manta"? To, shin mantuwar yaro tana wanke babba daga laifi?

Ka sani cewa maganar tana da ƙamshin gaskiya. Yawancin manya ba sa tuna abin da ya same su kafin shekara 3. A 2014 Patricia Bauer da Marina Larkina na Jami'ar Emory a Amurka sun buga bincike kan abubuwan da yara suka ba da labarinsu suna shekara 3. Waɗanda aka sake tambaya tsakanin shekara 5 da 7 sun tuna fiye da kashi 60 cikin ɗari, 'yan shekara 8 da 9 kuwa ba su kai kashi 40 ba.

Amma fa abin da ake maimaitawa daban yake. Katherine Nelson ta nuna cewa ɗan shekara 3 yana riƙe tsarin al'amuran yau da kullum. Gwada ka gani. Tambayi yaron da ake zuwa da shi kasuwar Juma'a ta Wudil: zai ce ana tafiya, a ga shanu a kara, a saya masa rake, a dawo. Wace Juma'a ce, bai sani ba, amma yadda ake yi ya zauna masa. Haka zagin nan. Ranar za ta ɓace masa, abin da zai rage shi ne: haka miji yake yi wa mata.

Kuma ba ka san ranar da za ta zauna ba. Imamu Buhari ya ruwaito cewa Mahmudu bn Rabi'i ya tuna Annabi (SAW) ya fesa masa ruwan guga a fuska, yana ɗan shekara 5. Wasa ne na ɗan lokaci, ya riƙe shi har girma, har malaman hadisi suka kafa hujja da shi kan shekarun da sauraron yaro yake inganta.

Saboda haka, ɗan'uwa, mantuwar yaro ba uzuri ba ce. Ka kame bakinka a tsakar gida. Da dare ka zauna da ɗanka, ka tambaye shi ina aka je yau, wa aka gani, domin irin wannan hira tana ƙarfafa tunawarsa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya shirye mu kafin su. Amin.