KU TAMBAYI TSOHO ABIN DA YAKE SO



A littafin Sama'ila na biyu, sura 19, mun karanta labarin Barzillai mutumin Gileyad, wanda ya ciyar da Sarki Dauda lokacin da yake gudun ɗansa Absalom. Da yaƙi ya ƙare, sarki ya gayyace shi Urushalima domin ya riƙe shi har ƙarshen ransa. Barzillai kuwa yana da shekara 80. Ya nuna wa sarki cewa bakinsa ya daina jin daɗin abinci, kunnensa ya daina jin muryar mawaƙa, burinsa kawai ya koma garinsu ya mutu kusa da kabarin iyayensa. Dauda bai ce tsufa ya ruɗe shi ba. Ya sumbace shi, ya sa masa albarka, ya sallame shi.

Wannan labari yana magana da zamaninmu. A ƙasashen Turai da Amurka, tsofaffi da yawa suna ƙare kwanakinsu a gidajen kula da tsofaffi. Akwai abinci, akwai magani, akwai gado mai tsabta. Duk da haka an tarar cewa a wasu gidajen ana ɗaure tsoho a kujera, ko a ba shi maganin barci, don kawai ma'aikata su huta. Saboda haka a shekarar 1987 Amurka ta kafa doka domin gidajen da ke karɓar kuɗin gwamnati. Dokar ta ba mazaunin gida ikon zaɓen likitansa, da sa baki cikin shirin jinyarsa, da karɓar baƙinsa, da kai kuka ba tare da tsoron ramuwa ba. Ta kuma hana ɗaure shi domin horo ko domin sauƙin ma'aikata.

Abin da doka ta rubuta, Ubangijinmu ya riga ya aikata. A bakin hanyar Yariko, Yesu ya ga makantar Bartimawas sarai, amma sai da ya tambaye shi abin da yake so kafin ya warkar da shi (Markus 10:46-52). In Mai Ceto ya tsaya ya yi tambaya, mu su wane ne da za mu yanke wa iyayenmu shawara suna zaune suna kallonmu?

Kada mu ce wannan matsalar Turawa ce. Irin waɗannan gidaje kaɗan ne a wurinmu, amma laifin yana cikin gidajenmu. Mukan ɗauko Baba daga ƙauye mu ajiye shi a birni, mu rufe ƙofa, mu ce hutu muka ba shi. Mukan karɓe kuɗin fanshon Mama mu ce za ta ɓatar. Mukan hana Kaka zuwa Misa don kada ta faɗi, maimakon mu riƙe hannunta mu kai ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gaskiya ne, wani lokaci tsufa yakan taɓa hankali, dole 'ya'ya su ɗauki wasu shawarwari. Amma wanda ba ya iya lissafin kuɗi yana iya zaɓa tsakanin kunu da shayi, da rigar da zai sa, da lokacin wankansa, da ko a kira masa Fada ya yi ikirari.

Ina roƙon Zumuntar Mata da katikistoci da masu kai Jibin Ubangiji ga marasa lafiya: idan kun shiga ɗakin tsoho, ku zauna, ku tambaya, ku jira amsa. Kai ɗa, ke 'ya, kafin Lahadi mai zuwa ku tambayi mahaifanku inda suke so su zauna, kuma ku saurara har su gama.

Allah ya ba mu zuciya irin ta Dauda, ya kuma ba tsofaffinmu kyakkyawan ƙarshe. Amin.