Kukan Mujiya Ba Ya Kashe Kowa

Karatu: Matiyu 10:28-31

A daminar bara wata 'yar'uwa a nan Malanville ta buga mini ƙofa da asuba tana kuka. Ɗanta ya kwana uku da zazzaɓi, ga mujiya kuma tana kuka kan darbejiyar gidansu kowane dare. Maƙwabta suka ce yaron take kira. Aka yi ta jifa ana ƙona barkono, amma ba wanda ya ce a kai yaro asibiti. Da muka kai shi, aka tarar zazzaɓin cizon sauro ne. Allah ya taimaka, ya warke.

Bari mu dubi tsuntsuwar nan. Ƙaramar mujiya ce, tsawonta wajen santimita 17, ba ta kai kurciya ba. Da rana takan lafe jikin itace, gashinta ya saje da ɓawo, har ka wuce ba ka gan ta ba. Da dare take fita neman abinci: fara, gyare, buzuzu da gizo-gizo. A kogon itace take ƙwai. Kukan nan da take maimaitawa bayan 'yan daƙiƙu, kiran abokin zama ne, da shaida wa sauran mujiyoyi cewa wurin da mai shi. Ba ta san sunan ɗanka ba. Sauron da ke tasowa daga fadamun shinkafa na bakin Kwara, daga nan har Gaya, shi ya fi cancanta mu yi wa shiri da gidan sauro.

Yesu ya koya mana cewa ko ɗan tsuntsun da ake sayarwa da arha ba ya faɗuwa ƙasa ba da sanin Ubanmu ba, mu kuwa mun fi tsuntsaye daraja. In ran tsuntsu yana hannun Allah, yaya ranka zai koma hannun tsuntsu? Camfi yana sa mu tsoron abin da ba ya cutarwa, mu yi sakaci da abin da Allah ya ba mu hankalin magancewa.

Ɗan'uwa, in ka ji ta yau da dare, kada gabanka ya faɗi. In da mara lafiya a gida, ku yi addu'a, ku kai shi asibiti.

Addu'a: Ya Uba, ka cire mana tsoron camfi, ka ba mu zuciyar dogara gare ka, cikin sunan Yesu. Amin.