Haƙurin Da Ba Ya Fitowa A Fim

Mai karatu, in dai kana kallon finafinan Hausa tun zamanin kaset ɗin bidiyo, to ka haddace yadda ake sallamar mai haƙuri. A kashi na ɗaya za ta sha wuya, kishiya ta ƙulla mata makirci, uwar miji ta kore ta, a yi kuka, a yi waƙa. Kafin kashi na biyu ya ƙare sai ga Alhaji da Marsandi, azzalumar kuma ta haukace tana tsince-tsince a bola. Wato dai haƙuri a wurin marubutanmu adashi ne: ka zuba, ranar kwasarka tana nan tafe.

To bari mu bar birni mu nufi yamma, ƙasar Karaye da Rogo. A can akwai Hausawa Kirista, yawancinsu jikokin Maguzawa, manoman dawa da masara. Hausarsu ba ta koyo ba ce. Da ita suke addu'a, da ita suke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932. Ɗariƙar Angalika ma har dayosis gare ta a Bari, cikin ƙasar Rogo. (Amma fa a fim, in an tashi nuna Kirista, sai a nemo ɗan Kudu mai gwamutsa Hausa. Wannan zancen wata rana ne.)

A watan Afrilun 2015, wasu matasa suka cinna wa cocin Baftis wuta a ƙauyen Gidan Maso da ke Rogo, har da gidan faston. 'Yarsa ta rasu a wannan gobara. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi tir da abin, ya kuma ba da umarnin a sake gina cocin. Madalla. Gini kam ana iya sake shi. Yarinyar fa? Wane kashi na biyu ne zai dawo da ita? A nan lissafin adashin nan yake rushewa.

Su kuwa mutanen nan ba a kan wannan lissafi aka gina koyarwarsu ba. Bulus, a babi na 5 na wasiƙarsa zuwa ga Romawa, da Yaƙub a farkon tasa, duk sun ɗauki gwaji kamar maƙera: abin da ke fitowa daga wutar ba dukiya ba ce, hali ne. Kuma wanda suke bi, a imaninsu, ta kan gicciye ya wuce, don haka ba wanda ya yi musu alƙawarin hanya mai kwalta.

Na san za ka ce, ai Ayuba ma an ninka masa dukiyarsa daga ƙarshe, ko ba haka ba? Haka ne. Amma dubi yadda labarin ya fara a littafinsu. Zargin da Shaiɗan ya yi shi ne wai Ayuba don abin da yake samu yake ibada, a janye ni'imar a gani. Ka ga ke nan gwajin gaba ɗaya a kan adashin ne: mutum zai riƙe Allah in babu ranar kwasa? Sannan da aka zo mayarwa, tumaki da raƙuma aka ninka. 'Ya'ya kuwa goma ya rasa, goma ya sake haifa, waɗancan na farkon suna kabari. Abokansa da suka nace lallai wani zunubi ya yi, su aka tsawata wa.

Sai dai akwai wani tarko a nan, kuma shi ya fi damuna. Maganar "wahala makaranta ce" tana da daɗi a bakin mai ƙoshi. In har gwaji yana gina mutum, wanda ya ƙyasta ashana ya zama malami ke nan? Ko kusa! Maganar nan mai ciwon ne kaɗai yake da ikon faɗin ta game da kansa. Ni da kai da muke gefe, in muka faɗa masa, wanke hannunmu kawai muke yi. Kuma ba kowa wuta ke ƙerawa ba. Wani narkewa yake yi, wani zuciyarsa ta bushe har ya mutu bai sake yarda da maƙwabci ba, kuma ban ga wanda ya isa ya zarge shi ba.

Wanda ya girma ɗin kuma, da me za ka gane shi? Ba mota, ba sabon gida. Mutum ne da ke da dalilin ƙiyayya, ya duba ta, ya ajiye. Ranar kasuwa ya auna wa kowa da tiya ɗaya. In an yi rasuwa a gidan da ba su yi masa ta'aziyya ba, ya cire takalmi ya zauna a tabarma. Kai wa darakta wannan labari ka gani, zai tambaye ka ina rikicin, ina waƙar, wa zai haukace. In ka ce masa fitowar ƙarshe ita ce mutumin ya saɓa fartanya ya tafi gayyar noma a gonar maƙwabcinsa, da kyar in zai bari ka gama shan ruwan da aka kawo maka.