Taurarin Yabo: Shaida Ce Ko Haja?

Ya 'yan'uwa Musulmi, ku sani a kasuwannin Keita da Tamaske da Madawa sunan ɗan kasuwa shi ne jarinsa. Da can, wanda ya sayi buhun albasa ya iske ƙasansa kamar samansa, shi ke kai labari gaba. Yau wannan shaida ta hau intanet: mai saye yana ba shago tauraro ɗaya zuwa biyar a Google, baƙo kuma ya dogara da su ya zuba kuɗinsa.

To, shin ya halatta mu nemi waɗannan taurari? Muka ce: babu laifi mai shago ya roƙi wanda ya yi ciniki da shi ya faɗi abin da ya gani. Amma ya biya wanda bai taɓa sayen komai ba, ko ya tara dangi su yabi hajar da ba su sani ba, wannan shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai. Kuma 'yar'uwar najashu ce, wato ƙara farashi ba da niyyar saye ba don a ruɗi wani, abin da Annabi (SAW) ya hana, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Haka nan mai rage wa maƙwabcinsa tauraro don hassada. Hatta Amurka ta haramta cinikin yabon ƙarya a 2024.

In an kushe mu da gaskiya, mu gyara mudunmu, kada mu nemi a share kushen. Allah Ya tsarkake dukiyarmu, amin.