Ma'aunin fage da ma'aunin tuni

A damben zamani, kafin ƴan wasa biyu su haɗu, sai an ɗora kowannensu kan sikeli. Wanda nauyinsa bai wuce kilo 50 da ɗigo 8 ba, Faransawa na sa shi a ajin da suke kira nauyin ƙuda. Wanda bai wuce kilo 53 da rabi ba, sai a sa shi ajin nauyin zakara. Wannan rarrabewa dabara ce ta adalci. An lura cewa idan aka haɗa ƙaramin mutum da ƙato, girman jiki ne zai yi hukunci, gwaninta kuwa ta tashi a banza. Sai aka yi wa ƙarami fagensa, aka ba shi kambunsa, aka ce shi ma sarki ne a cikin sa'o'insa.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan fage ya yi wa ƙaramin mutum adalci, shin zukatan jama'a sun yi masa? Ka shiga kasuwar Dantchiao ko tashar motar Magariya ka ambaci Muhammadu Ali, za ka sami dattijon da zai ba ka labarin karonsa da George Foreman a Kinshasa a shekarar 1974. Ka ambaci Mike Tyson, samari za su amsa. To, ambaci Young Perez, ko Panama Al Brown, ko Jacob Matlala, ka ji shiru. Alhali kowane ɗayansu ya riƙe kambun duniya.

Victor Perez, wanda aka fi sani da Young Perez, Bayahude ne haifaffen birnin Tunis a 1911. A watan Oktoba na 1931, a Paris, ya kayar da Ba'amurke Frankie Genaro a zagaye na biyu, ya zama zakaran duniya a nauyin ƙuda yana saurayi ɗan shekara ashirin. A 1943 aka kama shi aka kai shi sansanin Auschwitz. A watan Janairu na 1945, lokacin da ƴan Nazi suka tasa fursunoni a ƙasa cikin sanyi suna gudun sojan Rasha, a hanya aka kashe shi. Ɗan Afirka ne, amma yaran Afirka nawa aka taɓa faɗa wa sunansa?

Al Brown kuma baƙar fata ne daga garin Colon na ƙasar Panama. A 1929 ya ɗauki kambun nauyin zakara, shi ne mutum na farko daga ƙasashen Latin Amurka da ya zama zakaran duniya a dambe. Ya riƙe kambun har 1935. Paris ta yi yayinsa, har marubuci Jean Cocteau ya tsaya masa ya sake komawa fage bayan ya faɗi. A 1951 tarin fuka ya kashe shi a New York, ba shi da ko anini. Shi kuwa Jacob Matlala na Soweto, tsawonsa mita ɗaya da santimita 47 kawai, ya ci kambun duniya na nauyin ƙuda a 1993. Bayan karonsa na ƙarshe a 2002, ya sauko ya miƙa wa Nelson Mandela ɗamararsa. Ya rasu ranar 7 ga Disamba 2013, kwana biyu bayan Mandela, duniya na cikin makokin babban mutum.

Me ya sa aka manta da su? Dalili na farko, ido yana son abin da ya cika shi. Mai kallo ya fi jin faɗuwar ƙato, kuɗi na bin mai kallo, ƴan jarida na bin kuɗi. Dalili na biyu ya fi zurfi, kuma Bahaushe ya san shi tun fil'azal: suna ba ya rayuwa sai da mai riƙe shi. Ƴan dambe nawa suka ɗaure hannu a ƙasar Hausa bayan kaka, a zamanin Shago? Ba su ƙidayuwa. Amma Shago ya sami Ɗan Anace, shi ya sa wanda bai taɓa ganin fagensa ba ya san shi. Waɗanda ba su sami makaɗi ba, ko suka samu amma ba a naɗi muryarsa ba, sun bi ƙurar fage. Ashe tuni ba sakayya ba ne da ke zuwa da kansa ga wanda ya cancanta. Aiki ne da wani yake ɗauka ko ya ƙi ɗauka.

A nan Nijar ma darasin bai yi nisa ba. Isaka Dabore, ɗan damben da ya ciwo wa ƙasar nan lambar tagulla a wasannin Olamfik na Munich a 1972, a ajin kilo 63 da rabi ya yi wasa, ba cikin manyan ƙatti ba. Shekara 44 ita kaɗai ce lambar Olamfik da ƙasar ta mallaka, sai a 2016 Abdulrazak Isufu Alfaga ya kawo ta azurfa daga Rio. Dabore ya rasu a Disamba 2021, Allah ya jiƙansa. Malami ya tambayi ajinsa gobe, ya ga yara nawa za su ɗaga hannu. Haka kuma kokowar takobin ƙasa, wadda aka soma a Tawa a 1975, ba ta raba ƴan wasa bisa nauyi. An sa wa fagen Maraɗi sunan Kantu, na Damagaram sunan Langa-Langa, kuma sun cancanta. Amma siririn ɗan kokowar ƙauye, mai dabarar da ke sa fage ya ɗauki guɗa, wanda nauyinsa bai kai shi ga takobi ba, wa ya rubuta nasa?

Wani zai ce, ina amfanin wannan ga wanda ya riga ya kwanta dama? Yabo ba ya isa kabari. Gaskiya ne. Sai dai tuni bashi ne da ake biya ga masu rai. Yaron da aka raina don ƙanƙantar jikinsa, idan bai taɓa jin cewa mai mita ɗaya da rabi ya riƙe duniya ba, an tauye masa gadonsa. Hausawa sun ce ba don tsawo akan ga wata ba, kuma komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Amma karin magana ba ta shiga zuciyar yaro kamar sunan mutum da shekararsa da garinsu.

Wani kuma zai ce dambe wasa ne mai lahani, bai kamata a zuga yara a kansa ba. Wannan ma hujja ce ta tunawa, in dai za a tuna da labarin gaba ɗayansa. Wanda ya ba da labarin kambun Al Brown ya ɓoye yadda ya ƙare, ya sake mantawa da shi karo na biyu. Al'ummar da ke tafa wa mutum yana da ƙarfi, ta juya masa baya da ya tsufa, tana bukatar a riƙa nuna mata fuskarta.

Saboda haka aikin na malamai ne da ƙungiyoyin al'adu. A ƙauyukan Dantchiao da Dungas da Magariya akwai tsofaffin da suka san wa ya yi tashe a kokowa da dambe shekara hamsin da suka wuce, wa ya kayar da wa, da wace dabara, wane makaɗi ya yi masa taken. Wayar hannu ta isa naɗar murya, littafin makaranta ya isa rubuta suna. A tura ɗalibai wurin kakanninsu, a tambaye su har da ƙananan da suka gagari manya, a rubuta da Hausa, a ajiye a makaranta. Duk daminar da ta wuce tana tafiya da wasu daga cikin waɗannan tsofaffi, kuma sunayen da ke bakinsu tare da su ake binnewa.