Amsa Daidai Ba Lallai Ta Zama Ɗaya Ba

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma a cikinta babu abin da ke sa ni dogon tunani kamar 'yan layukan da ke duba abin da mutum ya cike a fom, su karɓa ko su ƙi. Lambar wayar Najeriya ana iya rubuta ta da sifiri a farko, lambobi 11, ana kuma iya farawa da +234 a bar sifirin. Duk biyun waya ɗaya suke kira. Fom ɗin da ɗaya kaɗai ya sani zai ƙaryata mai gaskiya.

Sai dai wanda ya gudu daga tsanani yakan faɗa sakaci. Sabon shiga a harshen rubuta manhaja na Python yakan so ya ce amsa ta zama "e" ko "a'a", sai ya gwada ta da kalmar farko kawai, ya bar ta biyu tsaye ita kaɗai. Python kuwa duk rubutun da ba fanko ba gaskiya take ɗaukarsa, don haka ko shirme aka rubuta zai wuce. Maganin shi ne a jera amsoshin da aka yarda da su, a share tazara, a daidaita haruffa, sannan a duba ko amsar tana cikin jerin.

Malaman ƙira'ar Alƙur'ani sun daɗe da warware irin wannan matsala ta tsanani da sakaci. Almajirin tsangaya yana karatu da ruwayar Warshu, ɗan Islamiyya da ta Hafsu, wani wuri lafazinsu ya bambanta, kuma babu mai kuskure. Amma ba kowane karatu ake karɓa ba. Ibnul Jazari, wanda ya rasu a shekara ta 833 bayan Hijira, ya kawo sharuɗɗa uku: karatun ya dace da Larabci ko ta wata fuska, ya dace da rubutun Mus'hafin Usmanu, isnadinsa kuma ya inganta. Ƙira'o'i goma ne suka shahara da cika su.

A ganina nauyin yana wuyan mai tantancewa. Kafin ya ce wa wani ya yi kuskure, sai ya fara sanin iyakar abin da ya halatta. Wanda Hafsu kaɗai ya taɓa ji, idan ya gyara wa mai Warshu karatu, ƙarancin saninsa ya bayyana. Wanda kuma ya ce tunda akwai saɓani kowa ya karanta yadda ya ga dama, ya bar aikin da aka ɗora masa.